Swami Kuvalayananda

Swami Kuvalayananda (30 ga Agusta, 1883 – 18 ga Afrilu, 1966), wanda asalin sunansa Jagannath Ganesh Gune, malamin makaranta ne, masanin harshen Sanskirit kuma mai bincike a kan yoga daga yammacin ƙasar Indiya. Shi ne ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a garin Lonavla a shekarar 1924, tare da mujallar Yoga Mimamsa, wadda ita ce mujalla ta farko da aka keɓe domin binciken kimiyya a kan yoga. An fi saninsa da shigar da yoga ɗakin gwaje-gwaje, inda ya riƙa auna abin da ke faruwa a jikin mutum da ma'aunin matsi da hoton eksire, a lokacin da yawancin 'yan bokon Indiya ke kallon atisayen jiki na yoga a matsayin aikin mabarata da masu dabo. Yogar da ake koyarwa yau a makarantu da asibitocin Indiya domin lafiya ta ɗauki abubuwa da yawa daga tsarin da ya shimfiɗa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Dabhoi, cikin masarautar Baroda, a yankin da yanzu yake jihar Gujarat. Iyayensa 'yan zuriyar Brahmin ne masu jin harshen Marathi. Mahaifinsa, Ganesh Gune, malamin makaranta ne, sunan mahaifiyarsa Saraswati. Gidan ba su da hali, har akwai lokacin da sai da taimakon jama'a suke rayuwa. Yaron ya yi fice a Sanskirit, tsohon harshen da aka rubuta littattafan addinin Hindu da na yoga da shi. A shekarar 1903 ya ci jarrabawar shiga jami'a, ya samu tallafin karatu na Jagannath Shankarsheth, wanda ake bai wa ɗaliban da suka yi zarra a Sanskirit. Da wannan tallafi ya shiga Kwalejin Baroda, ya kammala a 1910.

Baroda ta wancan zamani tana ƙarƙashin Sarki Sayajirao Gaekwad na Uku, wanda ya kashe kuɗi sosai a kan makarantu da ɗakunan karatu. A shekarun farko na Gune a kwalejin, Aurobindo Ghose yana koyarwa a can, kafin ya tafi Bengal ya tsunduma cikin gwagwarmayar siyasa bayan Turawan Ingila sun raba lardin gida biyu a 1905. Tasirinsa da na Bal Gangadhar Tilak, jagoran 'yan kishin ƙasa na yankin Maharashtra, ya kama Gune tun yana saurayi. Ya yanke shawarar ba zai yi aure ba, zai ba da rayuwarsa ga ilmantar da jama'a, kuma haka ya zauna har ya mutu.

Akwai wata gori da ta dami samarin Indiya na lokacin. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna cewa 'yan bokon ƙasar ragwaye ne marasa ƙarfin jiki, waɗanda ba za su iya riƙe kansu ba. Martanin da samarin suka mayar shi ne komawa gidajen kokawa da na motsa jiki, wasu ma suka mai da su wuraren horar da 'yan gwagwarmaya. Daga 1907 zuwa 1910 Gune ya yi horo a gidan motsa jiki na Jummadada da ke Baroda, a hannun Rajaratna Manikrao, mashahurin malamin da ya haɗa wasannin gargajiya na kokawa da sanda da kulake da tsarin fareti na jama'a masu yawa. Ta ƙofar motsa jiki da kishin ƙasa ne Gune ya fara kusantar yoga, kuma wannan asali bai taɓa rabuwa da aikinsa ba.

Daga 1916 zuwa 1923 ya yi koyarwa a ƙarƙashin wata ƙungiyar ilimi ta yankin Khandesh, a garin Amalner, har ya zama shugaban kwalejinta.

Haɗuwa da Madhavdas

A shekarar 1919 ya haɗu da Paramahansa Madhavdas, wani tsohon mai zuhudu ɗan Bengal da ya zauna a Malsar, a bakin kogin Narmada. Mabiyansa suna cewa ya haura shekara 120 a duniya. Madhavdas yana amfani da dabarun yoga wajen yi wa marasa lafiya magani, kuma a wurinsa Gune ya koyi ɓangaren da ake kira hatha yoga: tsayuwa da zama iri-iri da ake kira asana, sarrafa numfashi da ake kira pranayama, da hanyoyin wanke cikin jiki da ake kira kriya. Malamin ya rasu a 1921, wato zamansu tare bai wuce shekara biyu ba.

Ya kamata a san matsayin hatha yoga a lokacin. Swami Vivekananda, wanda ya tallata yoga a Amurka da Turai a shekarun 1890, ya fi ba da ƙarfi ga tunani da tattara hankali, bai ɗauki atisayen jiki da muhimmanci ba. A idon Turawa da 'yan boko, mai hatha yoga shi ne mutumin nan mai cukurkuɗaɗɗen gashi da ya shafe jiki da toka, yana kwance a kan ƙusoshi a bakin kasuwa ana jefa masa kwabbai. Gune ya ga cewa wa'azi ba zai canza wannan kallo ba. Abin da 'yan boko da hukuma ke saurare shi ne kimiyya, saboda haka ya ƙudura zai gabatar da yoga da harshen likitoci.

Sunan Kuvalayananda da ya ɗauka daga Sanskirit yake. Kuvalaya shi ne furen bado mai ruwan shuɗi, ananda kuma farin ciki. Swami laƙabi ne na girmamawa ga malaman zuhudu a addinin Hindu.

Gwajin farko a Baroda

Gwajin da ya fitar da sunansa ya shafi wata dabara da ake kira nauli. Mai yinta yakan fitar da dukkan iskar da ke huhunsa, ya zuƙe cikinsa sama ƙarƙashin haƙarƙari, sannan ya turo tsokar tsakiyar ciki waje, ya riƙa juya ta dama da hagu. Tsofaffin littattafai sun ambaci cewa ƙwararre yana iya tsugunawa cikin ruwa ya jawo shi zuwa babban hanji ta dubura ba tare da wani famfo ba, domin wanke hanji. Ana kiran wannan basti. Masu bin yoga suna ganin abin kamar baiwa ce. Wasu masu ilimin likitanci kuma suna zaton hanjin ne ke motsi ta baibai, abin da in da gaskiya ne zai iya zama cutarwa.

A tsakanin 1920 da 1921, a asibitin gwamnatin Baroda, Gune da wasu ɗalibansa suka haɗa bututu da ma'aunin matsi, suka saka a hanjin mai yin nauli. Da zarar ya fara, sai ma'aunin ya nuna matsin da ke cikin hanji ya sauka ƙasa da na iskar waje. Bayanin mai sauƙi ne. Idan ƙirji ya buɗe alhali ba a shaƙi iska ba, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan hau sama, sarari ya ƙaru a cikin ciki, matsi ya ragu, sai iskar waje ta tura ruwan ciki, kamar yadda sirinji ke jan magani daga kwalba. Ya raɗa wa wannan raguwar matsi sunan malaminsa Madhavdas. Daga baya ya yi amfani da hoton eksire ya nuna yadda tantanin ke hawa da yadda hanji ke sauya wuri.

Sakamakon yana da kaifi biyu, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya tabbatar da cewa abin da littattafan suka faɗa yana faruwa da gaske, wanda ya faranta ran masu son yoga. Amma ya kuma nuna cewa tsoka ce da matsin iska ke aikin, abin da duk mai haƙurin koyo zai iya yi. Kuvalayananda bai ɓoye ɓangare na biyun ba, ya buga shi kamar yadda ya same shi.

Kafa Kaivalyadhama

A watan Oktoba na 1924 ya buɗe Kaivalyadhama a Lonavla, wani gari mai sanyi a kan duwatsun yammacin Indiya, a kan hanyar jirgin ƙasa tsakanin Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, da Pune. Wurin ya dace: akwai shiru irin na masu zuhudu, kuma attajirai da likitocin Bombay suna iya isa cikin 'yan sa'o'i. Dhama na nufin mazauni. Kaivalya kuma ita ce matakin ƙarshe a littafin Yoga Sutra na Patanjali, wato kuɓutar ruhi daga ɗaurin duniya. Sunan kaɗai ya isa ya nuna cewa burin mai kafa cibiyar bai tsaya ga lafiyar jiki ba. Kuɗin gudanarwa sun fito ne daga kyautar attajirai da sarakuna, cikinsu har da sarkin Porbandar.

A wannan wata ne fitowar farko ta Yoga Mimamsa ta bayyana, ana buga ta da Turanci sau huɗu a shekara. An kasa ta gida-gida: akwai ɓangaren rahoton gwaje-gwaje, da jadawalin alƙaluma da hotunan eksire, akwai ɓangaren bayani a kan sassan jiki, akwai kuma ɓangaren gama-gari, inda ake koya wa mai karatu yadda zai yi asana da hotuna mataki-mataki. Wannan na ƙarshen ya yi tasirin da ya fi na gwaje-gwajen. Abin da a da sai almajiri ya zauna shekaru a gaban malami kafin a nuna masa, yanzu akawu a Bombay ko malamin makaranta a Madras yana iya karɓarsa ta gidan waya ya gwada a ɗakinsa.

Kuvalayananda ya raba asana gida biyu: waɗanda ake yi domin gina jiki da lafiya, da waɗanda ake zama a kansu domin tunani. Ya tsara darussa masu sauƙi da gajeru da cikakku, ya faɗi tsawon lokacin da ya kamata a daɗe a kowace tsayuwa, da irin mutanen da bai kamata su yi ta ba. Ya auna bugun jini a lokacin tsayuwa a kan kai da tsayuwa a kan kafaɗu. A farkon shekarun 1930 ya fitar da littattafai biyu, Pranayama da Asanas, waɗanda har yanzu cibiyar ke sake bugawa.

A batun numfashi ma binciken ya kai shi inda mabiya ba su zata ba. Mutane da yawa suna cewa amfanin pranayama shi ne cika jiki da iskar oksijin. Awon iskar da ake shaƙa da wadda ake fitarwa bai goyi bayan wannan ba, domin numfashi a hankali tare da riƙewa ba ya ba jiki iskar da ta fi ta numfashin yau da kullum wani abin a zo a gani. Sai ya karkata ga cewa babban amfanin yana ga horar da jijiyoyi da natsuwar hankali.

Makarantu, asibiti da 'yan siyasa

A shekarar 1927 hawan jini ya kwantar da Mahatma Gandhi, ya tafi hutawa a tsaunukan Nandi kusa da Bangalore. Kuvalayananda yana cikin waɗanda suka ba shi shawara, musamman a kan shavasana, wato kwanciya rigingine a saki jiki gaba ɗaya. Wasiƙun da Gandhi ya rubuta masa yana bayyana yadda ya ji bayan atisayen suna cikin tarin rubuce-rubucensa da aka buga. Irin wannan alaƙa da jagororin jam'iyyar Congress ta buɗe masa ƙofofi da yawa, kafin samun 'yancin kai a 1947 da kuma bayansa.

Daga ƙarshen shekarun 1920 ya riƙa zama a kwamitocin gwamnatin lardin Bombay kan motsa jiki a makarantu, a 1937 kuma aka ba shi shugabancin kwamitin. A lokacin, abin da ake koya wa yara a filin makaranta fareti ne na soja da motsa jiki irin na Suwidin. Ya tsara asana ta yadda aji guda zai iya yi tare, malami yana ba da umarni ana ƙirge, aka kuma horar da malamai a kan wannan tsari har a lardunan arewacin Indiya. Wanda ya taɓa ganin hoton dubban mutane a jere a fili suna yin yoga a lokaci guda, yana kallon abin da ya samo tushe daga wannan aiki ne, da kuma faretin Manikrao na Baroda.

Cibiyar ta yi rassa. An buɗe reshen Bombay a 1932, wanda a 1936 ya koma bakin teku a titin Marine Drive da sunan cibiyar lafiya ta Ishwardas Chunilal. An buɗe wani a Rajkot a 1943. A 1944 aka kafa ƙungiyar Shreeman Madhava Yoga Mandira Samiti, mai ɗauke da sunan malaminsa, domin ta riƙe ɓangaren bincike da koyarwa. Kwalejin Gordhandas Seksaria ta horar da malaman yoga ta biyo baya a farkon shekarun 1950, sai asibitin yoga na Gupta a Lonavla a 1961, inda ake kwantar da masu ciwon asma da ciwon sukari da makamantansu. A 1963 gwamnatin Indiya ta buga littafin Yogic Therapy, wanda ya rubuta tare da likita S. L. Vinekar.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da ba a cika ambata ba, wato tattara tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Sanskirit a kan yoga, a kwatanta kwafi da kwafi, a fitar da ingantaccen bugu. Ya kafa sashe na musamman domin haka. A ganinsa, kafin a auna wata dabara sai an tabbatar da abin da littafin asali ya ce a yi, don kada a gwada abin da wani ya ƙirƙira jiya a ce na magabata ne.

Baƙi masu bincike

A farkon shekarun 1930 wani ɗan Indiya mai karatun ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yale ta Amurka, K. T. Behanan, ya zo Lonavla ya yi kusan shekara guda yana koyo. Da ya koma sai ya mai da kansa abin gwaji, ya auna iskar da jikinsa ke ci a lokacin pranayama, ya fitar da littafi a 1937 mai suna Yoga: A Scientific Evaluation. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Sarkin Mysore ya tura Tirumalai Krishnamacharya ya ga yadda ake aiki a Kaivalyadhama. Krishnamacharya shi ne malamin B. K. S. Iyengar da Pattabhi Jois da Indra Devi, waɗanda suka yaɗa yoga a Turai da Amurka.

A 1957 masu bincike biyu daga Amurka, M. A. Wenger na Jami'ar Kalifoniya da B. K. Bagchi na Jami'ar Michigan, suka zaga Indiya da na'urorin auna zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma Kaivalyadhama na cikin wuraren da suka yi aiki. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka bincika a wannan tafiya shi ne iƙirarin da wasu ke yi na tsayar da bugun zuciya. Abin da suka gano shi ne zuciyar ba ta tsayawa. Riƙe numfashi tare da matse ƙirji yana rage jinin da ke komawa zuciya, har likita ya kasa jin bugu a wuyan hannu, alhali na'ura tana nuna zuciyar tana aiki.

Shi da Yogendra

Ba shi kaɗai ne almajirin Madhavdas da ya ɗauki wannan hanya ba. Shri Yogendra ya riga shi, domin ya kafa cibiyarsa ta yoga a Bombay tun 1918, ya kuma tafi Amurka a 1919 ya yi aiki da likitoci. Yogendra magidanci ne mai iyali, ya nace cewa yoga ta masu gida ce. Kuvalayananda kuwa ya zauna a matsayin mai zuhudu, yana da kusanci da hukuma da sarakuna. Duk da malami guda da buri kusan guda, ba su yi aiki tare ba, an san su da hamayya a kan wa ya fara me. Cibiyoyin biyu suna nan har yau.

Yadda masana ke kallon aikinsa

Idan aka ɗora gwaje-gwajensa a sikelin binciken likitanci na yau, da yawa ba za su yi nauyi ba. Mutanen da ake gwadawa kaɗan ne, sau da yawa almajiransa ne, kuma ba a cika ware wani rukuni da ba ya yin atisayen domin kwatantawa ba. Awon matsi da hotunan eksire sun tsaya da ƙafarsu, domin abu ne da ake gani. Amma wasu bayanan da ya gina a kai, kamar cewa tsayuwa a kan kafaɗu tana gyara aikin ƙululun wuya da ake kira tayrod, hasashe ne daga tsarin jiki, gwaji bai tabbatar da su ba. Duk da haka an yi ta kwafar su daga littafi zuwa littafi, har yau ana jin su a bakin masu koyar da yoga kamar tabbataccen abu.

Masanin ilimin al'umma Joseph Alter, a littafinsa Yoga in Modern India na 2004, ya ɗauki Kuvalayananda a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa tasiri a kan yogar zamani, ko da yake sunansa bai kai na Vivekananda ko Iyengar yaɗuwa ba. Mark Singleton ma, a littafin Yoga Body na 2010, ya nuna yadda aikinsa ya haɗu da guguwar motsa jiki da kishin ƙasa ta farkon ƙarni na ashirin.

Akwai kuma tazara tsakanin abin da ya nufa da abin da ya samu. Ya yi fatan kimiyya za ta kai ga bayyana matakan ruhi da littattafan yoga ke magana a kai. Na'urorinsa kuwa ba su iya auna komai ba sai matsi da iska da bugun jini. Abin da duniya ta karɓa daga hannunsa shi ne yoga a matsayin motsa jiki da magani, wadda malamin makaranta ko likita zai iya bayarwa ba tare da ambaton kaivalya ba. Wannan ne ya sauƙaƙa wa gwamnatoci shigar da ita manhaja, ya kuma bar muhawarar da ake yi a ƙasashe da dama, tsakanin Musulmi da Kirista da su kansu mabiya Hindu, a kan ko ana iya raba atisayen da aƙidar da ta haife shi.

Rasuwa

Kuvalayananda ya rasu ranar 18 ga Afrilu, 1966, yana da shekara 82. Almajirinsa Swami Digambarji ne ya gaje shi a shugabancin cibiyar, kuma a zamaninsa ne, a 1970, aka fitar da ingantaccen bugu na Hathapradipika, ɗaya daga cikin manyan littattafan hatha yoga. A 2019 hukumar gidan waya ta Indiya ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonsa, cikin jerin mashahuran masu maganin gargajiya na ƙasar. Kaivalyadhama ta cika shekara 100 a 2024, kuma har yanzu ana buga Yoga Mimamsa.